Labarin Zuciya A Tambayi Fuska, To Idan Fuskar Tana Cikin Waya Fa?

Na daɗe ina son in yi wannan rubutu, amma kullum sai in ɗage, domin batun yana yi mini nauyi a baki, kuma ni kaina ban kuɓuta daga abin da zan yi magana a kansa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wani abokin karatunmu da muka rasa. Ba rasuwa ya yi ba, Allah Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, karatun ya bari. Ba zan ambaci sunansa ba, kuma sai da na nemi izininsa kafin in ba da labarinsa.

Tare muka shigo jami'a, kuma ɗaki ɗaya muka zauna. Duk ajinmu babu wanda ya kai shi gane darasin tsarin sauti. Abin da malami zai yi awa biyu yana bayani a kan karin sauti da tsawon wasali mu fito kanmu a ɗaure, shi sai ya warware mana shi a gindin bishiya cikin ɗan lokaci, yana yi yana ba mu dariya. Ana nan sai aka shiga yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka dawo, sai ya dawo mana wani mutum daban. Ya daina zuwa ƙwallo, ya daina cin abinci tare da mu. Ko yaushe ka farka cikin dare za ka ga hasken waya a ƙarƙashin mayafinsa, ya juya fuska bango, har a kira assalatu. Laccar ƙarfe takwas ta gagare shi, daga baya ta ƙarfe goma ma ta gagara.

Mu kuwa me muka yi? Tsokana. Muka laƙaba masa suna Sarkin Waya. In an tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau, mu kuma mu wuce. Da yake kullum yana ɗora hotunan barkwanci a WhatsApp, sai muka ɗauka yana cikin nishaɗi, lalaci ne kawai ya same shi. Da sakamakon jarrabawa ya fito ya faɗi darussa da dama, mahaifinsa ya zo ya karɓe wayar, yana ganin ya kashe maciji ya sare kansa. Al'amari sai ya ƙara dagulewa, yaro ya koma ko wanka sai an yi da gaske. Sai da wata gwaggonsa ma'aikaciyar jinya ta matsa aka kai shi asibiti, likita ya ce ya fi shekara yana fama da ciwon da Turawa ke kira difireshan. Daga baya da na je duba shi ya faɗa mini wata magana da har yau take ci mini rai. Ya ce, "Wallahi ba daɗin wayar nake ji ba. In na ajiye ta ne tunani ke taso mini, shi ya sa ba na ajiyewa."

A kan wannan magana tasa na gina ra'ayina. Sau da yawa idan muka ga ɗalibi ya nutse a cikin waya dare da rana, hayaƙi muke gani, wutar tana can ƙasa. Amma kuma hayaƙin ma yana shaƙe mutum, domin wayar da ya fake a cikinta ita ce ke ƙara rura masa wutar. Mu kuma ɗaliban harshe muna da kaso na musamman a cikin laifin da kuma gyaran, saboda ciwon da ake magana a kansa har yau bai sami tsayayyen suna a bakin Bahaushe ba, kuma abin da ba shi da suna da wuya a kai shi asibiti.

Daga Kafe Zuwa Aljihu

Yayyenmu da suka yi jami'a a farkon shekarun 2000 suna ba mu labarin yadda suka san intanet. A shekarar 2001 aka fara wayar salula ta zamani a Nijeriya, kuma a lokacin kira da saƙo kawai ake yi da ita. Mai son shiga intanet sai ya taka zuwa kafe, ya biya kuɗin awa ɗaya, ya zauna gaban kwamfuta yana jiran shafi ya buɗe. Kafe tana da ƙofa, tana da lokacin tashi, kuma in kuɗinka ya ƙare mai shago zai tashe ka wani ya zauna. Wato akwai shinge ko ba ka so. Yau kafen ta dawo cikin aljihu, tana bin mu aji, tana bin mu masallaci da coci, tana kwana da mu a kan katifa. Kamfanonin sadarwa kuma sun fi arha da datar tsakar dare, ga ɗalibi da ƙaramin aljihu, sai ya zama lokacin da ya fi dacewa da barci shi ne lokacin da ya fi araha a yi ta latse-latse.

Maganar jarabar intanet kanta ba ta daɗe ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka mai suna Ivan Goldberg ne ya fara ƙirƙiro sunan a 1995, kuma da wasa ya yi. Sai ga shi a 1996 wata masaniyar halayyar ɗan'adam, Kimberly Young, ta gabatar da bincike a kan mutanen da intanet ta ɓata wa aiki da karatu da aure, daga baya ta tsara tambayoyi 20 da ake auna abin da su, waɗanda har yau masu bincike ke amfani da su. Duk da haka, ya kamata mu san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya jarabar intanet gaba ɗayanta a jerin cututtuka ba. Abin da ta amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022, shi ne jarabar wasannin kwamfuta da na waya, kari a kan jarabar caca da aka daɗe da sani.

Ma'aunin da hukumar ta kafa a kan wasannin yana da amfani a gare mu, domin ba ta ƙidaya awoyi ba. Abubuwa uku ta duba: mutum ya kasa iko da kansa wajen farawa da dainawa, abin ya ture sauran al'amuran rayuwarsa gefe, sannan ya ci gaba da yi alhali yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Saboda haka ɗalibar da ta yi awa shida tana neman bayanai don kundin digirinta ba ta da wata jaraba. Wanda ya ce bari in duba saƙo ɗaya, ya ɗago kai ya ga awa uku ta wuce, ya yi nadama, gobe kuma ya maimaita, jibi ya rasa gwaji saboda haka, shi ne ya kamata ya tsaya ya yi wa kansa hisabi.

Turken Da Gwanaye Suka Sassaƙa

Hausawa na cewa sabo turken wawa. Gaskiya ne, amma a wannan karon ina ganin ba a yi wa ɗalibi adalci ba in an kira shi wawa, domin turken da aka ɗaure shi a kai gwanaye ne suka zauna suka sassaƙa shi. Kamfanonin da suka mallaki shafukan sada zumunta da talla suke samun kuɗi, kuma gwargwadon daɗewarka a shafin gwargwadon tallan da za ka gani. Saboda haka duk dabarar da za ta hana ka tashi ita ce jarinsu.

Tun tsakiyar ƙarni na 20 wani masani, B. F. Skinner, ya gwada tattabaru a cikin akwati. Ya lura cewa tattabarar da ba ta san sa'ad da tsaba za ta faɗo ba, wani lokaci ta samu wani lokaci ta rasa, ta fi nacewa da saran maɓalli a kan wadda ke samu a kowane sara. Wannan ita ce dabarar caca, kuma ita ce dabarar wayarka. Ka ja allo ƙasa, wataƙila ka ga abin dariya, wataƙila wani ya yaba hotonka, wataƙila babu komai, sai ka sake ja. Haka kuma a da shafin intanet yana da ƙarshe kamar shafin littafi, sai ka danna kafin ka shiga na gaba. A 2006 wani injiniya, Aza Raskin, ya fito da tsarin da shafi ba ya ƙarewa, kana ja yana ƙaruwa, kuma shi da kansa ya fito daga baya ya nuna nadamarsa. Kwanon tuwon da ba ya ƙarewa, yaushe mai ci zai san ya ƙoshi?

Wanne Ya Riga Wani?

A nan ne masu bincike suka rabu, kuma bai kamata in ɓoye muku ba. Akwai binciken da ke ɗora wa shafukan laifi. Facebook ya fara ne a Jami'ar Harvard a 2004, ya riƙa shiga jami'o'in Amurka ɗaya bayan ɗaya har zuwa 2006. Wasu masana tattalin arziki uku, Braghieri da Levy da Makarin, suka yi amfani da wannan dama suka kwatanta lafiyar ɗalibai kafin shigowarsa da bayanta, suka buga sakamakon a 2022. Sun gano cewa alamun ciwon damuwa sun ƙaru a jami'o'in da ya shiga, kuma abin ya fi taɓa ɗaliban da ke ganin kansu a ƙasa da sauran, kamar marasa galihu da masu bashi a kansu. A 2018 kuma, a Jami'ar Pennsylvania, Melissa Hunt da abokan aikinta sun raba ɗalibai 143 gida biyu. Kashi ɗaya aka taƙaita musu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana har mako 3, ɗaya kashin aka bar su yadda suka saba. Waɗanda aka taƙaita wa sun sami raguwar kaɗaici da damuwa, musamman waɗanda tun farko abin ya fi yi musu nauyi.

A ɗaya ɓangaren, Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun duba bayanan matasa fiye da 350,000 a 2019, suka ce alaƙar da ke tsakanin amfani da na'urori da walwalar matashi ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce kashi 0.4 cikin 100 na bambancin da ake gani ba. Wato in an haɗa kowa da kowa aka auna, wayar ba dodo ba ce.

Ni a nawa fahimtar, duka biyun suna da gaskiya. Ruwan da ya kai wa dogo gwiwa shi ne ke cinye gajere. Yawancin ɗalibai suna shiga su fita lafiya. Amma wanda zuciyarsa ta riga ta raunana, ga nisa da gida, ga rashin kuɗi, ga karatun da ba a san ranar gama shi ba, shi wayar kan zame masa rami. Damuwa ta kora shi cikin waya, waya ta ƙara masa damuwa, haka za a yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Ta hanyoyi uku na ga wannan zagaye yana aiki a ɗakunan kwananmu. Ta farko barci. Wanda ya kwanta ƙarfe uku ya tashi ƙarfe bakwai ba zai fahimci lacca ba, in bai fahimta ba ya faɗi, in ya faɗi ya ƙara shiga damuwa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa rashin barci da ciwon damuwa abokan tafiya ne, kowanne na jawo ɗan'uwansa. Ta biyu kwatanta kai da wasu. Kana zaune ka sha garin kwaki, sai ka ga sa'anka ya ɗora hoto a cikin mota, wata ta ɗora na kayan lefe, wani ya sauka a Ingila. Babu mai ɗora hoton bashin da ake bin sa ko daren da ya kwana yana kuka. Kai kana auna cikin gidanka da ƙofar gidan wasu. Ta uku kaɗaici. Mun kira su shafukan sada zumunta, alhali kakanninmu sun ce zumunci a ƙafa yake. Mutum shida a ɗaki ɗaya, kowa ya toshe kunne, a yi awa biyu ba wanda ya ce uffan. A kan waɗannan sai a ƙara cacar ƙwallo da manhajojin ba da bashi, waɗanda suka cinye kuɗin makarantar ɗalibai da yawa, suka bar su da kunyar da ba sa iya faɗa wa iyayensu.

Ciwon Da Ba Shi Da Suna

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ɗaliban harshe. Ku dubi gaisuwarmu. Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Ina labari? Sai alheri. Ko majinyacin da ke kwance rai a hannun Allah, in ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Wannan tarbiyya ce mai kyau, tana koya mana godiya da dauriya. Amma tana nufin amsar tambayar farko ba labari ba ce, al'ada ce. An kuma koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To da baki ya rufe, dā fuska ce ke tona asiri, shi ya sa aka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yau fuskar tana sunkuye a kan allo, wadda muke gani a shafi kuwa an zaɓe ta an goge ta kafin a nuna mana.

In ma mutum ya yi niyyar faɗa, da wace kalma zai faɗa? In ya ce yana cikin damuwa, za a ce kowa ma yana ciki, domin wanda akuyarsa ta ɓata ma damuwa yake. In ya ce baƙin ciki, kalmar tana kuma nufin hassada, sai a tambaye shi wa yake yi wa. In aka ce zuciyarsa ta mutu, zagi ne, ana nufin malalaci. In aka ce taɓin hankali ko taɓin ƙwaƙwalwa, tunanin kowa zai tafi kan mai yawo a bola, babu ɗalibin da zai yarda a jingina masa wannan, babu kuma ɗalibar da za ta yarda a ji, don kada maganar ta bi ta har ranar aurenta. Wasu sai su ce iska ce ko sammu. Da haka sai mai ciwon ya zaɓi shiru, ya jawo wayarsa.

Suna ba ƙaramin abu ba ne a sha'anin lafiya. Ku dubi hawan jini da ciwon suga. Tsohuwa a ƙauye ta san su, tana zuwa a auna ta ba tare da jin kunya ba, domin sunan ya gaya mata cewa abu ne na jiki mai magani. Ku kuma dubi shan inna, yadda sunan da kansa ya nuna wa mutane hanyar iskoki, ma'aikatan lafiya suka sha wahalar bayani. Hatta a dokar ƙasa haka abin yake. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, Nijeriya tana aiki ne da dokar 1958 wadda sunanta ma dokar hauka.

Kafofin yaɗa labarai na Hausa sun fi amfani da ciwon damuwa ko tsananin damuwa, shi ya sa ni ma na bi su a wannan rubutu. Ni dai na fi karkata ga ciwon ƙuncin rai, domin ya fi kusa da abin da abokina ya kwatanta mini, wato duniya ta yi maka ƙunci ba tare da ka san dalili ba. Amma ko wanne aka zaɓa, kalmar ciwo ita ce mai aikin, domin ita ce ke ɗauke laifi daga kan mutum ta nuna masa ƙofar asibiti. Malamanmu sun zauna sun samar da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, har aka buga ƙamusunsu a 1990. Me zai hana mu, jikokinsu a ilimi, mu yi irin wannan hidima ga lafiyar zuciya?

Masu Cewa Ba Haka Ba

Na san akwai waɗanda za su ce wannan ciwon Turawa ne, ko kuma raunin imani ne. Ga alƙaluma: a ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017, mutum fiye da miliyan 300 ke fama da shi a duniya, kimanin miliyan 7 daga cikinsu a Nijeriya. Ga kuma tarihi: fiye da shekara 1,000 da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce shi wannan na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne. Ba mu taɓa ce wa mai zazzaɓin cizon sauro imaninsa ne ya yi rauni ba.

Wasu kuma za su ce matsalar ɗalibin Nijeriya talauci ne da tsadar rayuwa da yajin aiki, a bar ɗora wa waya laifi. Ban musa ba. Wanda ya zauna a gida wata 9 a 2020, ga annobar korona ga yajin aiki, ya sake zaman wata 8 a 2022, ba shi da aikin yi sai waya, ba shi ya jawo wa kansa ba. Amma ba mu da ikon sauke farashin shinkafa a yau, muna kuwa da ikon hana abokinmu kwana yana kallon bango shi kaɗai. Masu cewa waya tana da amfani ma sun yi gaskiya. Da ita muke samun littattafan da babu su a laburare, da ita muke jin muryar iyayenmu, ko suna Sakkwato ko suna Sabo ta Ibadan ko Agege. Ban ce a jefar da ita ba. Labarin abokina ma ya nuna cewa ƙwace waya ba tare da duba abin da ke ƙarƙashi ba kamar ƙwace sanda ne daga hannun gurgu.

Abin Yi

Akwai darasi a Abekuta. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, inda maimakon a kulle masu ciwon ƙwaƙwalwa, sai a saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, suna karɓar magani a asibiti suna kuma rayuwa cikin jama'a. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gane shi ne magani yana buƙatar mutane a gefensa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga jama'a fiye da miliyan 200, saboda haka idon farko da zai ga ciwon ba na likita ba ne, na abokin ɗaki ne.

Ya kai ɗan'uwa, ya ke 'yar'uwa, ku riƙe waɗannan alamu. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye kusan kullum yana cikin ƙunci, ko abin da dā yake so ya daina burge shi, barcinsa da cin abincinsa suka canza, ga kasala, ga kasa tattara hankali, ga yawan ganin kansa ba shi da amfani, to a daina tsokana, a raka shi asibitin makaranta ko ofishin ba da shawara. In kuwa ya fara maganar gara mutuwa, ko da cikin raha ne, ko a rubutun da ya ɗora a shafi, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira gobe, a sanar da wani babba a kai shi ga likita a ranar. Ciwon yana da magani, ta hanyar tattaunawa da ƙwararre ko ƙwayoyi ko duka biyun, kuma mutane da yawa suna warkewa.

Ga mu da abin bai kai mu can ba, rigakafi ya fi magani. Kowace wayar zamani tana nuna awoyin da ka yi a kanta, ka buɗe ka gani, gani ya kori ji. Ka kashe ƙarar sanarwar da ba ta zama dole ba. Ka sa wa kanka lokacin ajiye waya da dare, ka sa ta caji nesa da katifa. 'Yan ɗaki su yi yarjejeniya cewa ba a cin abinci da waya a hannu. In ka tambayi abokinka lafiya ya ce lafiya lau alhali idonka ya ga akasin haka, ka zauna ka sake tambaya, ka ce tsakani da Allah me ke damun ka, sannan ka yi shiru ka saurara, ban da wa'azi, ban da dariya.

Ina kuma kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta dawo da daren hira ko da sau ɗaya a mako, a yi tatsuniya da kacici-kacici da karin magana, a tara wayoyi a cikin kwando a bakin ƙofa. 'Yan'uwanmu da ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu za su sami wurin gwada bakinsu, mai kewar gida ya sami gida, wanda ya daina zuwa kuma a lura da rashinsa. Ina roƙon malamanmu su ba wasu daga cikinmu damar rubuta kundin digiri a kan kalmomin da Hausawa ke bayyana halin zuciya da su, a haɗa kai da ma'aikatan lafiya a fito da ɗan littafin da za a iya karanta wa uwa a gida ta gane abin da ke damun ɗanta.

Abokina yana samun sauƙi, wannan karon sauƙi na gaskiya. Yana shan maganinsa, yana taya wani kawunsa zama a shago, an mayar masa da wayarsa, kuma yana shirin neman komawa karatu. Da na roƙe shi gafarar sunan da muka laƙaba masa, dariya ya yi ya ce ya yafe, amma in gaya wa sauran cewa duk wanda suka gani ya juya fuska bango, su taɓa kafaɗarsa. To na isar da saƙo. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa aka ce, amma ina ganin kafin nan a fara kashe tasa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yaye wa kowa abin da ke damun sa, Ya sa mu gama karatunmu lafiya, amin.